Hulata a Cikin Hulunan Mama Loretta

Abu na farko da na koya a Greensboro shi ne ba a gina garin don mai tafiya a ƙasa ba. Ban daɗe da sauka ba na ce wa kawuna Alhaji Issufu zan ɗan taka in ga gari, kamar yadda baƙo yake yi a Maraɗi. Ya dube ni ya ce, "Ka taka ka tai ina?" Na ɗauka wasa yake yi. Na fita bakin Wendover na tarar da titi mai faɗin filin ƙwallo, motoci suna ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Ba mai shayi, ba mai gyaran takalmi, ba ko mahaukaci ɗaya da zan yi wa sannu. Na tsaya ina jiran sarari in tsallaka har ƙafata ta gaji, na koma gida. Matarsa Hajiya Mariyama ta tambaye ni yadda na ga gari, na ce mata na ga motoci.

Cacar biza ce ta kawo ni. A gida malamin lissafi ne ni a sakandare, ina shiga aji yara su miƙe tsaye. A nan kuwa na zama mai ɗora kwalaye a wani ƙaton sito da ke bayan manyan kantunan Wendover, inda Alhaji ya roƙa mini aiki. Faransancin da nake taƙama da shi bai tsinana mini komai ba, Ingilishina kuma bai wuce na gaisuwa ba. In shugaban aiki ya yi magana sai in ce to, sannan in bi na gabana in ga abin da aka ce a yi.

A sitonmu na haɗu da wanda ya fara yi mini maraba irin ta baƙunta. Wani ɗan garinmu ne, ba zan faɗi sunansa ba don har yau muna haɗuwa a masallaci. Ya ce mutum ba ya zama mutum a garin nan sai da mota, kuma yana da wata da ya ajiye don ɗan uwa irina. Ya rantse, ya kira sunan unguwarmu, har ya ce ya san kakana. Na saya, motar ta kai ni aiki sati guda cur, sannan ta mutu a tsakiyar hanya tana hayaƙi kamar an jiƙa itace. Makaniken da ya duba ta ya buɗe gaba, ya rufe, ya dafa kafaɗata kamar mai ta'aziyya. Da na koma wa mutumin nawa sai ya ce ai ni ne ban iya tuƙi ba. Na so in yi faɗa, Alhaji ya hana ni, ya ce mu kaɗan ne a garin, ba za mu rabu a kan ƙarfe ba. Na haƙura, amma fa da ƙyar.

Daga nan na zama ɗan bas. Ban taɓa sanin kewa tana da nauyi ba sai a tashar bas ɗin nan lokacin sanyi, ina tsaye ni kaɗai ina sauraron saƙon muryar Inna a waya. Ba wani abu take faɗa ba, labarin akuyarta ne da tsadar gero da wanda ya haihu. In saurara, in sake saurara, don kawai in ji kukan zakara a bayanta. Akwai wata direba, baƙar fata mai jiki, wadda in ta hango ni a madubi ina gudu sai ta tsaya ta jira, ta ce, "Yi a hankali, ɗana, ba zan bar ka ba." Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

Zangona na biyu kwalejin shekara biyu ce, inda na fara da ajin Ingilishi, daga baya na shiga karatun sosai. Da safe aji, da la'asar sito. Burina in zama injiniyan ruwa. Kakana mai haƙar rijiya ne, babana mai gyaran famfo, ni kuma na tashi ina ganin mata suna jere da jarkoki tun asuba. A allon sanarwa na kwalejin na ga labarin wata gidauniya da tsofaffin malamai da matan coci na gabashin gari suka kafa don ɗalibai baƙaƙen fata da 'ya'yan baƙi. Suna ba da abin da mu 'yan Nijar muke kira burs, 'yan Najeriya kuma su ce sikolashif. Na cike takarda ba tare da na sa rai ba, sai ga shi sun ɗauke ni a ƙaramin matakinsu. Za su saya mini littattafai, kuma za su haɗa ni da wani babba da zai riƙa jagorata. Littattafan na gane amfaninsu. Jagoran ne ban ga abin da zan yi da shi ba, ni da na taɓa riƙe aji.

Haka na je na sami Mama Loretta a gidanta, wani ƙaramin gida mai baranda a gabashin Greensboro, kusa da jami'ar da nake mafarkin shiga. Tsohuwa ce 'yar siririya, ta yi shekaru tana koyar da kimiyya kafin ta yi ritaya. Ta miƙo mini hannu ta ce in kira ta Loretta. Na ce a raina, Allah ya kiyaye, sa'ar kakata in kira sunanta gatsau? Na ce, "Mama Loretta." Ta yi murmushi ta ce wannan ma ya yi. A falonta abin da ya fara ɗaukar idona shi ne wata kanta da ta cika da hulunan zuwa coci, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, wasu da gashin tsuntsu, wasu da faɗin faifai. Kowace hula tana da labarinta, kuma duk sai da na ji su.

Ban taɓa ganin mai bibiya irinta ba. Duk Asabar ina gidanta, ta karanta rubutuna da jan biro, ta sa in sake. Ita ta koya mini cewa a nan ɗalibi yana iya ƙwanƙwasa ofishin malami ya ce bai gane ba, kuma ba a ɗauka rashin kunya ba ne. Ita ta kai ni aka gwada idona, ashe rabin wahalar da nake sha da allo tabarau nake bukata. Da azumi ya zo ta je ta tambayi yadda ake yi, ta daina ajiye mini kek a tebur, ta koma naɗe shi a takarda in tafi da shi. Ba a biyan ta ko sisi. Na taɓa tambayar ta dalili, ta ce wata ce ta yi mata, kuma matar ta rasu kafin ta rama. Hajiya Mariyama ta ce, "Kai Laminu, ka yi uwar ɗaki." Kuma gaskiya ta faɗa.

Da na kusa gama kwaleji sai babbar magana ta taso. Gidauniyar tana ɗaukar ɗalibai kaɗan ta biya musu jami'a har su gama, amma sai mutum ya zauna gaban kwamiti an yi masa intabiyu. In na samu, na shiga jami'a. In ban samu ba, karatu ya ƙare, don albashin sito ba zai ɗauki jami'a ba, ga kuma gida ana jiran aike. Alhaji ya riga ya yanke nasa hukuncin. Ya ce, "Karatun lakwal ɗin nan ya isa haka. Ka yi lasin babbar mota, shekara biyu ka gina ma uwarka gida. Mi kake nema wanda ba ka samu ba?" Ba mugunta ba ce, shi ma hanyar da ya bi ke nan. Muka yi da shi cewa in kwamiti bai ɗauke ni ba, zan bi maganarsa ba musu.

Mama Loretta ta fara shirya ni. Ta zauna a kujera ta haɗe rai kamar alƙali, ta ce, "Faɗa mana abin da ka yi wanda kake alfahari da shi." Na ce Allah ya taimake mu, malamai sun yi ƙoƙari. Ta ce ba malamai ta tambaya ba. Na ce 'yan ajinmu mun haɗa kai. Ta ajiye biro ta ce, "Laminu, waye mu? Kai da wa? Kuma me ka ajiye a ƙasa da kake ta kallo?"

Na yi mata bayani iya iyawata. A wurinmu mutum ba ya buɗe baki ya lissafa alherinsa. Wanda ya yi haka an san ba shi da kowa, shi ya sa ya zama mai yi wa kansa shela. Kuma ko ba don kunya ba, akwai tsoron baki da ido. Inna ko an ce ɗanta ya zo na ɗaya, cewa take yi, "Wannan sakaran?" alhali daɗi kamar ya kashe ta. Zancen kallon ƙasa kuwa, yaron da ya zuba wa babba ido ai ba a ba shi tarbiyya ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta ji, amma mu sake gwadawa. Muka yi ta gwadawa. A falonta nakan daure in ce ni na yi, ina jin kamar na tube riga a kasuwa.

Ranar intabiyu na shiga wani ɗaki a ginin wata coci, na tarar da dattawa a jere bayan tebur. Shugabansu wani dogon tsoho ne mai farin gemu, kamanninsa sak limamin unguwarmu. Ina ganinsa duk abin da muka haddace ya bi iska. Wuyana ya sunkuya da kansa. Suka tambaye ni aikin da aka yi a ajinmu kan ambaliyar wani rafi, wanda ni na yi lissafinsa daga farko har ƙarshe, na ce aikin ƙungiya ne, ni ɗan abin da na sa ba shi da yawa. Suka tambaye ni me ya sa za su zaɓe ni, na ce akwai waɗanda suka fi ni cancanta, amma in Allah ya nufa rabona ne zan gode. A gida da an ce yaron nan yana da hankali. A nan sai na ga dattawan sun dubi juna, wata mata tana rubutu a takarda.

Sakamako ya fito ba sunana. Abin da ya rage gurbi ɗaya ne, kuma za a sake zama da mu da muka kusa samu kafin a ba da shi. Mama Loretta ta ji ta bayan fage cewa kwamitin ya ga makina masu kyau ne, amma sun ɗauka ko dai wasu ne suke yi mini aiki, ko kuma ban damu da abin ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata mutanen nan ba su san mutunci ba, so suke in zama mai baki kamar ɗan tallan magani. Na ce in sai na yabi kaina za a ba ni, su riƙe abinsu, babbar mota ba ta tambayar kowa abin da yake alfahari da shi.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce in zauna. Ta ba ni labarin mahaifiyarta, wadda take shiga bas daga unguwar nan zuwa Sedgefield tana aikatau a gidajen Turawa, ta ƙofar baya take shiga, ta ƙofar baya take fita. Ta ce uwar ta koya mata in Bature yana magana ta kalli ƙasa, kada ta nuna ta san abu, don a zamanin nan yarinyar da ta nuna sani tana iya jawo wa gidansu masifa. Ta ce, "Na yi shekaru kafin in koyi ɗaga kaina. Dattawan da ka gani a ɗakin nan duk haka suka sha. Kai kana sunkuyar da kai don girmamawa, na yarda. Amma su in suka ga yaro baƙi ya sunkuyar da kai yana cewa bai iya komai ba, abin da suka tsere masa suke gani, kuma yana yi musu ciwo." Fushina ya sauka, amma wuyana bai canza ba, ni da ita duk mun san haka.

Ana cikin wannan 'yar Alhaji ta haihu, aka sa ranar suna. Hajiya ta ce lallai in gayyato uwar ɗakina. Mama Loretta ta zo da wata hula ruwan goro, mata suka ja ta cikinsu, suka cika mata faranti da shinkafa da naman rago, Hajiya tana ta yi mata Hausa kamar tana ji. An kama wani zaure ne a kusa da gidajenmu, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Gana duk an hallara, yara suna ta guje-guje suna amsa iyayensu da Ingilishi.

Can sai Ɗan Tawa ya miƙe. Direban tasi ne, amma gidansu gidan roƙo ne, kuma duk wani biki namu shi ne sanƙira. Ya nufi Alhaji ya ɗaga murya, ya fara daga kakansa, ya gangaro kan ubansa, ya zo kansa. Ya faɗi baƙin da ya sauke a gidansa, da waɗanda ya samar wa aiki, da gawar da ya tsaya aka kai gida. Alhaji ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Ɗan Tawa ya ce, "Alhaji, in ƙarya nake yi ka ƙaryata ni gaban jama'a! An yi ko ba a yi ba?" Alhaji ya ce a hankali, "An yi." Mata suka rangaɗa guɗa. Ya tashi ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa wa Ɗan Tawa.

Mama Loretta ta yafito ni ta ce in fassara mata komai. Ta tambaye ni me ya sa Alhaji bai musa ba, tunda mu ba ma son yabo. Na ce ai ba shi ya yabi kansa ba, wani ne ya faɗa, kuma gaskiya ce, in ya musa ya mai da mutum maƙaryaci a gaban jama'a. Ta ce, to in mai faɗar babba ne fa, wanda ya girme shi? Na yi dariya na ce wannan ai ba ta ma taso ba, wa zai ƙaryata babba a cikin taro? Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da cin namanta. Daga baya na hango ta a gefe ita da Alhaji da Hajiya, da wata 'yar Hajiya tana yi musu tafinta, sun daɗe suna magana. Na ɗauka yadda ake dafa shinkafar take tambaya.

Kafin zama na biyu ba ta sake yi mini gwaji ba ko sau ɗaya. Na ce a raina tsohuwa ta sallama, kuma ban ga laifinta ba. Har na karɓo littafin koyon tuƙin babbar mota na ajiye a ƙarƙashin matashi. Abin da kawai ta ce mini shi ne in sa kayan gida ranar, kada in ari kwat ɗin kowa. Na sa farar shadda da hular da Inna ta saya mini a kasuwar Maraɗi, wadda ban taɓa sawa ba sai da Sallah.

A ƙa'idar gidauniyar, a zama na biyu jagoran ɗalibi yana iya shiga ya ce wani abu kaɗan. Yawanci sukan ce yaron kirki ne, su zauna. Muka shiga tare, dattawan nan suna nan yadda na bar su, wuyana kuma ya yi abin da ya saba. Shugaban ya ce ko Malama Loretta tana da abin faɗa. Ta miƙe, ta jingine sandarta a jikin tebur, ta gyara hula. Sai na ji muryar da ban san tana da ita ba, irin wadda ake jiyowa daga cocinsu in an buɗe taga.

Ta ce, "Wannan da kuke gani Laminu ne, ɗan Ila mai gyaran famfo, jikan Mamman mai haƙar rijiya, wanda ya shiga ƙasa da igiya a ƙugu don garinsu ya sha ruwa." Sunayen duk ta karya su, ta ce Ayila, ta ce Meman, amma na gane su sarai. Ashe abin da ta zauna karɓa wurin Alhaji ke nan. Ta ce ɗan Hajara ne, wadda ta sayar da ƙosai ta kai shi makaranta. Ta ce ya riƙe aji a ƙasarsu, ya zo nan ya ɗauki kwali bai ce ya fi ƙarfin aikin ba. Wata daga cikin dattawan ta ce, "Faɗa musu, 'yar'uwa," kamar ana wa'azi.

Sai ta juyo kaina. Ta ce, "Laminu, ni tsohuwa ce, na yi jika da kai. Zan faɗi wasu abubuwa a gaban mutanen nan. In ƙarya nake yi, ka ƙaryata ni. Lissafin ambaliyar rafin nan, na je na tambayi malaminku, ya ce mutum ɗaya ne ya yi shi. Waye?"

Nan na gane ramin da ta haƙa mini, kuma da hannuna na miƙa mata shebur ranar suna. In na ce mu ne, na mai da ita maƙaryaciya a gaban sa'o'inta. In na yi shiru, shi ma ƙaryatawa ne. Na ce, "Ni ne," da wata 'yar murya kamar ta marar lafiya.

Ta ce, "Kunnena ya tsufa, kuma ba na jin magana sai na ga bakin mai yin ta. Ɗago ka dube ni. Waye yake zama a laburare bayan aji yana koya wa 'yan ajinsu lissafi, har wata uwa mai 'ya'ya uku da ta yi niyyar bari ta ci jarrabawa?"

Na ɗago na dube ta. Idonta ya cika da ƙwalla, amma fuskar nan a ɗaure kamar ta hedimasta. Na ce, "Ni ne, Mama."

"Waye yake raka matan unguwarsu asibiti yana yi musu tafinta, ranar da ya kamata ya huta?"

"Ni ne."

"Waye zai koma ya sa ruwa ya iske matan garinsu a gida, in mutanen nan suka buɗe masa ƙofa?"

Wannan ban jira ta rufe baki ba. Na ce ni ne in Allah ya yarda, kuma ban san lokacin da na juya ga dattawan ba. Na shiga ba su labarin jarkoki, da zurfin rijiyoyinmu, da yadda famfo yake mutuwa a bar shi don ba wanda ya san cikinsa. Shugaban ya jefo tambaya a kan lissafin rafin, na nemi takarda na zana masa. Ingilishina yana tuntuɓe, ban damu ba. Sai da na gama na lura tun ɗazu cikin idonsa nake kallo, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Mama Loretta kuwa ta daɗe da zama, tana neman abu a jakarta kamar ba ita ta tayar da ƙurar ba.

Muka fito waje. Na ce mata, "Mama, kin yi mini wayo." Ta ce, "Da kayan gidanku na yi." Muka tsaya a bakin motarta. Ban san ko za a ba ni ko ba za a ba ni ba, amma na san abin da ake yi wa wanda ya tsaya a taro ya ambaci kakanka. Ba ni da babbar riga irin ta Alhaji. Na cire hular Inna da hannu biyu, na russuna na miƙa mata. Ta buɗe baki za ta ce a'a, na ce, "Kin ga yadda aka yi ranar suna. Ba a mayarwa." Ta karɓa, ta riƙe ta a ƙirji, muka shiga mota.

Ina sito ina ɗaure kwalaye suka kira ni a waya, shugaban ne da kansa. Na zauna a kan wani kwali na yi kuka, abokan aiki suka zo suna tambaya ko rasuwa aka yi. Da na gaya wa Alhaji sai ya ce, "To, babbar mota ta yi rashin direba." Daga baya na ji shi a waya yana gaya wa mutanen gida cewa ɗan ƙanwarsa ya shiga jami'a, har da ƙarin gishiri. Hajiya kuwa dariya ta yi ta yi, tana cewa, "Malamar lakwal guda ta koma zabiya sabili da kai!" Na fassara wa Mama Loretta, ta ce a gaya wa Ɗan Tawa ya yi hattara, ya sami abokiyar gasa.

Yanzu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Har yau ban iya yabon kaina ba, kuma ba na jin zan iya, amma in aka tambaye ni wa ya yi aiki, nakan faɗi gaskiya ina kallon mai tambaya. Mama Loretta ƙafa ta fara ba ta wahala, ta daina tuƙi, don haka ni nake kai ta coci ranar Lahadi in dawo in ɗauke ta, a wata mota da ba ɗan garinmu ne ya sayar mini ba. In na shiga falon ina jiran ta shirya, nakan ga hulata a kan kantar hulunan, a tsakanin mai gashin tsuntsu da ruwan goron nan. Wata Lahadi wata ƙawarta ta zo, ta ɗaga hular tana juyawa, ta ce wannan kuma ta wace coci ce? Mama Loretta ta leƙo daga ɗaki tana saka ɗan kunne, ta nuna ni da haɓa ta ce, "Tambayi mai ita, ya iya amsawa yanzu. Laminu, waye ya ba ni?"

Na ce, "Ni ne, Mama."